Tarin Da Ya Ƙi Jin Maganin Tibi: Binciken Wata Likita A Idi-Araba Da Yadda Ya Shafi Gombe

Daga Wakilinmu na Arewa, Gombe

Duk wanda ya daɗe yana zaune a Kurmi ya san yadda abin nan yakan faru. Ɗan'uwa ya kama tari, a kai shi asibiti, a ce tibi ne, a ɗora shi a kan magani na wata shida. Ya sha har ya gama, a sallame shi. Bayan shekara guda ko biyu sai tarin ya komo, wani lokaci har da jini, ga rama, ga kasala, buhun da ya saba saɓawa a kafaɗa yanzu ya gagare shi. A koma asibiti a auna kakinsa ba a ga ƙwayar tibi ba, amma da yake hoton ƙirjinsa ya nuna tabo, sai a sake ɗora shi a kan maganin nan dai na farko. In wannan ma bai yi ba, to sai 'yan'uwa su yi karo-karo, su sa shi a mota daga Agege ko Sabon Badun, a ce a kai shi gida a gwada na gargajiya. Waɗansunsu nan Gombe suke sauka, waɗansu su zarce Kumo ko Dukku ko Bajoga.

To, jama'a, akwai wata likita a Ikko wadda ta shafe fiye da shekara goma tana bin diddigin irin wannan tari. Sunanta Dakta Rita Oladele, malama a Kwalejin Koyon Aikin Likita ta Jami'ar Ikko, kuma likitar binciken ƙwayoyin cuta a Asibitin Koyarwa na jami'ar, watau babban asibitin nan na Idi-Araba da aka buɗe cikin 1962, wanda 'yan'uwanmu mazauna unguwar suke wucewa ta bakin ƙofarsa safe da yamma. Abin da bincikenta ya nuna shi ne, a cikin mutanen da ake ta ɗura wa maganin tibi ba sa samun sauƙi, akwai wani rukuni wanda ba tibi ke cin huhunsu ba. Funfuna ce.

Funfunar da muka sani

I, ita dai funfunar da kowa ya sani, dangin wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, ko burodi, ko masarar da aka zuba a rumbu ba ta gama bushewa ba. Masana sun ce ita ba tsiro ba ce, ba kuma dabba ba, jinsi ce mai zaman kanta, kuma naman kaza da yis ɗin da ake kumbura burodi da shi duk 'yan gida ɗaya ne da ita. Irinta ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, suna yawo cikin iska, kuma ba wani mai rai da zai wuni bai shaƙe su ba. Mai lafiyayyen huhu jikinsa yakan share su ba tare da ya sani ba. Sai wanda jikinsa ya yi rauni, ko huhunsa ya riga ya sami tabo, shi ne suke samun wurin zama a jikinsa.

Cututtukan funfuna na bisa fata ba baƙi ba ne gare mu. Makeron da ke cinye gashin kan yara 'yan makaranta da almajirai funfuna ce, ƙyasbi ma haka. Saboda waɗannan ba sa kisa, sai aka ɗauka duk dangin nasu ma abin wasa ne. Har a makarantun koyon aikin likita an daɗe ana ɗaukar wannan fanni kamar ɗan bora, a taɓa shi sama-sama a wuce zuwa zazzaɓin cizon sauro da tibi da sanƙarau. Wani abu kuma da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, maganin da ke kashe ƙwayar tibi, da su kafso ɗin da muke saye a kemis, ba sa yi wa funfuna kome. Nata maganin daban yake.

Aikin farko da ya fito da sunan Dakta Oladele shi ne ƙidaya. Cikin 2014 ita da wani shehun malami na Jami'ar Manchesta ta Ingila, Furofesa David Denning, wanda a ƙarƙashinsa ta yi karatun digirinta na ƙoli, suka buga wani lissafi a mujallar likitocin Afirka ta Yamma. Sun ɗauki yawan masu tibi da masu ƙanjamau da masu asma da sauransu a Nijeriya, sa'an nan suka auna nawa ne daga cikinsu za a sa ran funfuna ta kama, bisa ga abin da aka gani a nan da waɗansu ƙasashe. Suka ce wajen kashi 11.8 cikin 100 na 'yan Nijeriya suna fama da wata cutar funfuna mai nauyi kowace shekara. Mafi yawansu yara ne masu makero, fiye da miliyan 15, sai kuma mata masu fama da ƙaiƙayin gaba mai yawan dawowa. Amma ko an fid da waɗannan biyu, akwai sauran mutum fiye da 960,000 waɗanda tasu cutar ta cikin jiki ce, mai iya kai mutum kushewa.

Lalle wannan ƙiyasi ne aka yi a kan takarda, ba a bi gida-gida ba, su ma masu lissafin ba su ɓoye haka ba. Amfaninsa shi ne ya ba likitoci da hukuma lambar da za su yi gardama a kanta. Kafin nan in ka ce wa babban ma'aikaci a ware kuɗi don cutar funfuna, tambayar farko ita ce mutum nawa take kamawa, kai kuwa ba ka da amsa.

Yadda take shiga huhu

Daga takarda sai ta koma kan majiyyata. Cikin 2017 ita da abokan aikinta suka buga sakamakon binciken da suka yi a asibitocin Ikko da Ilori a kan mutum 208, waɗanda ko dai suna ƙarshen shan maganin tibi, ko kuwa ana yi musu maganin tibi alhali ba a ga ƙwayar a kakinsu ba. Aka ɗauki hoton ƙirjinsu, aka ɗebi jininsu aka auna. Sai aka tarar kashi 8.7 cikin 100 suna da daɗaɗɗen ciwon huhu na wata funfuna da likitoci ke kira asfajilus. Abin mamaki kuma, ciwon ya fi yawa ga waɗanda ba su da ƙanjamau, kashi 14.5 cikin 100, a kan masu ƙanjamau da aka sami kashi 6.5. Watau a cikin marasa ƙanjamau, kusan mutum ɗaya ke nan cikin kowane bakwai.

Ga yadda abin yake. Ƙwayar tibi in ta zauna a huhu takan cinye wani sashe ta bar kogo. Magani ya kashe ƙwayar, mutum ya warke, amma kogon yana nan, kamar gidan da mai shi ya tashi ya bar ƙofa a buɗe. Irin asfajilus da ake shaƙa kullum sai ya faɗa cikin kogon nan mai ɗumi da laima, inda jini ba ya kai masu tsaron jiki sosai, ya tsira, ya yi ta yaɗo a bangon kogon yana faɗaɗa shi a hankali. Wani lokaci yakan dunƙule ya zama curi kamar ƙwallo, har a gan shi a hoto yana zaune a tsakiyar kogon. In ya taɓa jijiyar jini, shi ne za ka ga mutum yana tarin jini, wani lokaci kaɗan-kaɗan, wani lokaci kuwa da yawan da zai iya halaka shi nan take.

Alamominsa kuwa su ne na tibi sak: tari na wata da watanni, rama, gajiya, haki, ciwon ƙirji. Hoton ƙirji ma yakan ruɗi likita, domin tabo da kogo ne zai gani a duka biyun. Shi ya sa ba za a ga laifin ma'aikacin lafiyan da ke ganin mutum hamsin a wuni ba in ya ce tibi ne ya dawo. Abin da ke raba gardama shi ne gwajin jini na musamman wanda ke nuna ko jiki yana yaƙi da asfajilus, a haɗa shi da hoto da kuma tabbacin cewa babu ƙwayar tibi a kaki.

Ba a Nijeriya kaɗai aka ga haka ba. A garin Gulu na ƙasar Yuganda an bi sawun mutum kusan 400 da suka gama maganin tibi, aka buga sakamakon cikin 2019. Waɗanda tibi ya bar wa kogo a huhu, kashi 6.5 cikin 100 nasu suna kamuwa da wannan ciwo kowace shekara, waɗanda ba su da kogo kuwa kashi 0.2 kacal. A Manchesta kuma, inda akwai cibiya ta musamman don wannan ciwo tun 2009, an duba majiyyata 387, aka ga bayan shekara biyar kashi 62 cikin 100 ne ke da rai, bayan shekara goma kuwa kashi 47. Wannan fa a Ingila ke nan, inda ake gane ciwon a kuma ba da magani. Sai mai karatu ya auna yadda zai kasance ga wanda ba a ma taɓa faɗa masa sunan ciwonsa ba.

Magani akwai. Na farko shi ne wani da ake kira itirakonazol, ana shansa wata shida ko fiye, wani ma shekara da shekaru, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da ba makawa kowace ƙasa ta tanada tun 2017. In curin wuri ɗaya yake, kuma mutum yana da sauran ƙarfi, akan yi aiki a cire wannan sashe na huhu. Amma ga inda gizo ke saƙa: ɗaya daga cikin magungunan tibi, shi wanda ke mai da fitsari ja, yakan sa hanta ta kore itirakonazol daga jini kafin ya yi aiki. Saboda haka ba a haɗa su. Ke nan mutumin da aka maimaita wa maganin tibi bisa kuskure ya yi hasara biyu, ya sha wahalar maganin da ba nasa ba har wata shida, kuma a cikin watannin nan ko an ba shi nasa na gaskiya ba zai kama ba.

Ina ruwan Gombe?

Ruwanta da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin 2023 kusan mutum rabin miliyan ne suka kamu da tibi a Nijeriya, ba kuma ƙasar da ta kai ta a duk Afirka. Kowace shekara dubban ɗaruruwa suna gama magani, da yawansu da tabo a huhu. Jihar Gombe tana da nata kason. A Zambuk, cikin ƙaramar hukumar Yamaltu-Deba, akwai asibitin cututtuka masu yaɗuwa inda aka daɗe ana kai masu tibi da kuturta. A cikin gari ga Asibitin Ƙwararru na jiha, ga kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda ya soma a matsayin cibiyar lafiya ta tarayya bayan an ƙirƙiro jihar cikin 1996, yanzu kuwa a nan ɗaliban likitanci na Jami'ar Jihar Gombe suke koyon aiki. An kuma wadata manyan asibitoci da na'urar nan ta GeneXpert, mai gano ƙwayar tibi a kaki cikin awa biyu. Ita wannan na'ura ta rage zato ƙwarai. Sai dai in ta ce babu tibi, ta gama nata aikin ke nan, ba ta faɗin abin da ke akwai.

Sa'an nan mu dubi sana'ar mutanenmu. Asfajilus ta fi son ruɓaɓɓen ganye da tarin shara da hatsin da aka adana da laima. Gombe kuwa garin hatsi ne. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Tudun Hatsi da kaka, lokacin da ake juye masara da wake da gero ana sheƙa ana ɗinke buhuna, ya san ƙurar da 'yan dako ke shaƙa daga safe har magariba. Su waɗannan buhuna kuma su ne ake sauke wa 'yan'uwanmu a Bodija da Mil Sha Biyu, inda laimar Kurmi ke jiransu, a shagunan da sau da yawa a cikinsu mai kayan yake kwana. Mai lafiya ba abin da zai same shi. Amma wanda ya taɓa yin tibi ya koma wannan aiki, shi ne abin a yi wa tsoro.

A ganina, alƙaluman Ikko da Ilori ba za su ishe mu ba. Ƙasarmu busasshiya ce, ga hunturu da ƙurarsa, abincinmu da gidajenmu daban. Ya kamata likitocin Asibitin Koyarwa na Gombe da na Zambuk su ɗauki littafin waɗanda aka sallama shekara biyu ko uku da suka wuce, su neme su, su yi musu hoto da gwajin jinin nan, mu ji namu adadin. Yanzu ma akwai gwajin da ake yi da ɗan tsinke kamar na zazzaɓin cizon sauro, wanda ba ya bukatar babbar na'ura.

Kada wani ya ce irin wannan aiki ya fi ƙarfin jiha kamar tamu, domin an taɓa yinsa a kan wata cuta. Kowa ya san Kaltungo da sarar kububuwa, macijin da mutanen wajen ke kira gobe-da-nisa. Tun cikin shekarun 1970 wani likita Bature, David Warrell, wanda ke aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya soma rubuta yadda dafinta ke tsinka jini. Daga baya likitocin ƙasar nan suka ɗora, cikinsu har da Furofesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano, masanin cututtuka masu yaɗuwa. A asibitin Kaltungo aka gwada sababbin magungunan dafi guda biyu a kan mutum 400, aka buga sakamakon cikin 2010, kuma cikin 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarar maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci waɗanda za a ba muhimmanci. Lissafin da aka yi a wurare irin su Kaltungo yana cikin abin da ya jawo haka. Shi maciji ana ganinsa, ana ganin sawun haƙorinsa. Ita funfuna kuwa sai an neme ta da gangan.

Ta kogon jemagu

Ciwo na biyu da Dakta Oladele ta sa wa ido shi ne wanda wata funfuna mai suna histofilasma ke kawowa. Wannan tana zaune ne cikin ƙasar da kashin jemage ko na tsuntsaye ya daɗe yana zuba a kai, kamar kogon dutse, da rufin tsohon ɗaki, da akurkin kaji. In aka tone ƙasar ƙura ta tashi, sai a shaƙe ta. Akwai irin da aka fara gani a Fanama cikin 1905, mai kama huhu, akwai kuma irin na Afirka da aka raɗa wa suna cikin 1952, wanda ya fi fitowa a fata da ƙashi, ya yi ƙuraje da gyambo da kumburin da ba ya jin magani.

Wannan kam tarihinsa a ƙasar nan ya daɗe, kuma Arewa tana ciki. Marigayi Furofesa Adetokunbo Lucas na Badun da abokin aikinsa Cockshott sun yi rubutu mai zurfi a kansa tun 1964. Cikin 1981 likitocin Zariya, cikinsu har da Dakta Jacyk likitan fata, suka ba da rahoton mutum 13 masu cututtukan funfuna na cikin jiki iri-iri. Cikin 1994 Furofesa Harish Gugnani, Ba'indiye mai koyarwa a Jami'ar Nsukka, shi da mutanensa suka gano maɓoyar irin na Afirka a kogon jemagu na Ogbunike cikin Jihar Anambara. Bayan shekara huɗu kuma shi da likitocin Maiduguri suka ba da labarin mutum huɗu da aka samu da ciwon a nan Arewa maso Gabas. Amma duk waɗannan labarai ne na ɗai-ɗai, a warwatse cikin mujallu, wani bai san da wani ba.

Abin da ita ta yi shi ne ta tattara su. Cikin 2018 ita da abokanta suka bi duk rahoton da aka taɓa bugawa a Afirka daga 1952 zuwa 2017, suka sami mutum 470 kacal cikin shekara 65, Afirka ta Yamma ce kuma ke kan gaba. Shin ciwon ne ba shi da yawa, ko kuwa nemansa ne ba a yi? Don amsa wannan suka yi gwajin fata ga mutum 735 a garuruwa shida, cikinsu har da Yola maƙwabciyarmu, suka tarar kashi 4.4 cikin 100 sun taɓa haɗuwa da funfunar ba su sani ba. Sa'an nan cikin 2022 suka buga babban binciken da aka yi a asibitoci goma na sassan ƙasar, inda aka auna fitsarin mutum 988 waɗanda ƙanjamau ya riga ya raunana ƙwarai. Aka sami alamar histofilasma a jikin 76, watau kashi 7.7 cikin 100. Bincike guda ke nan, cikin ƙasa guda, ya fito da kusan kashi ɗaya cikin shida na abin da duk nahiyar ta rubuta cikin shekara 65. Shi ma wannan ciwo, in ya bazu a jikin mai ƙanjamau, da zazzaɓi da tari da rama yake zuwa, a ɗauke shi tibi ne, kuma in ba a yi masa nasa maganin ba ba ya ɗaukar lokaci.

Akwai kuma na uku, wanda zan taɓa a gurguje. Shi ne sanƙarau na funfuna, wanda wata da ake kira kiriftokokas ke kawowa, ita kuwa an fi samunta a busasshen kashin tattabaru da ruɓaɓɓen itace. Ba irin sanƙarau ɗin bazara ba ne mai kayar da mutum cikin kwana ɗaya. Wannan a hankali yake zuwa, da ciwon kai na makonni, sai ruɗewa, har a ce iska ce ta taɓa mutum. An ƙiyasta cewa cikin 2020 ya kashe mutum 112,000 a duniya, kusan ɗaya cikin biyar na duk waɗanda ƙanjamau ya yi sanadinsu. Cikin 2016 Dakta Oladele ta nuna cewa a Ikko kashi 8.9 cikin 100 na mutum 214 masu ƙanjamau mai nisa suna ɗauke da alamarta a jini. Amfanin sanin haka shi ne, alamar takan bayyana a jini makonni kafin ciwon ya hau ƙwaƙwalwa, in an gan ta da wuri ana iya tare shi da ƙwayar magani. Yanzu wannan gwaji yana cikin ƙa'idojin kula da masu ƙanjamau mai nisa a Nijeriya, sai dai mai shan magani ya tabbata an yi masa in ƙarfin jininsa ya faɗi.

Da me ake auna malami?

Su malaman jami'a suna da nasu ma'aunin. Sukan ƙirga yawan takardun da mutum ya buga, da sau nawa waɗansu masana suka kafa hujja da su. A wannan ma'auni Dakta Oladele tana cikin na gaba-gaba a fanninta a Afirka, da wuya ka karanta rubutu a kan histofilasma a nahiyar nan ba ka ci karo da tattarawar nan tata ta 2018 ba. Ta shugabanci ƙungiyar masana cututtukan funfuna ta Nijeriya, ta kuma yi ta zagaya asibitoci tana koyar da likitoci da ma'aikatan ɗakin gwaji. Ita da abokanta ne kuma suka ba da rahoto cikin 2022 cewa wata sabuwar funfuna mai taurin kai, kandida auris, wadda aka fara gani a Jafan cikin 2009, mai yaɗuwa a ɗakunan majiyyata kuma ba ta jin yawancin magunguna, ta iso Nijeriya. A watan Oktoba na wannan shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin funfuna 19 mafi haɗari, karo na farko a tarihinta, kuma asfajilus da kiriftokokas da kandida auris duk suna sahun farko. Cikin 2024 Furofesa Denning ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 3.8 ne ke mutuwa kowace shekara da cutar funfuna a jikinsu, miliyan 2.5 daga ciki ita ce sanadi kai tsaye.

Amma mu talakawa namu ma'aunin shi ne ko abin ya iso ɗakin likitan da ke duba mu. A nan kuwa akwai sauran tafiya. Cikin 2021 ita da Dakta Osaigbovo ta Binin da waɗansu suka bincika manyan asibitocin ƙasar nan don su ga wane kayan aiki suke da shi na gano funfuna. Suka tarar yawanci da madubin likita da shuka ƙwaya a faranti ake dogara, gwaje-gwajen jini na zamani kuwa sai nan da can. Ga kuma batun kuɗi. Maganin tibi kyauta ne a asibitin gwamnati, na ƙanjamau ma haka, amma itirakonazol na wata shida daga aljihun majiyyaci yake fita, shi da ya riga ya daina aiki. Wannan shi ne wurin da ya kamata wakilanmu a majalisun jiha da na tarayya su sa baki, ko da a fara da waɗanda asibitin gwamnati ya tabbatar suna da ciwon.

Kafin hukuma ta motsa, ga abin da ke hannun mai karatu. Duk wanda ya yi tari fiye da mako biyu, tibi za a fara nema, kuma wanda aka ɗora a kan maganinsa ya sha har ƙarshe, kada ya ji wannan labari ya yar da magani ya ce tasa funfuna ce, domin mafi yawan masu irin wannan tari tibi ɗin ne da gaske. Maganar tana kan wanda ya gama wata shida cif, ko aka auna kakinsa sau da yawa ba a ga kome ba, amma tari da rama suka zarce wata uku, balle in da jini. Irin wannan kada a yi gaggawar sa shi a mota. A nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa mafi kusa, na Idi-Araba ga mutanen Ikko, na Badun ga mutanen Sabo da Shasha, a nemi ganin likitan ƙirji, a tambaye shi a fili ko ya duba batun asfajilus. Kada kuma a je kemis a sayi maganin funfuna a sha da ka, domin yana taɓa hanta, yana kuma karo da waɗansu magungunan hawan jini da na ƙanjamau.

In kuwa ya zama dole a dawo da mutum gida, to a haɗo shi da katinsa na tibi, da takardun gwajin kaki, da duk tsofaffin hotunan ƙirjinsa, ko da sun yi shekara biyar. Likitan da zai duba shi a Gombe, in ya jera hoton bara da na bana ya ga kogon ya ƙara faɗi alhali babu ƙwayar tibi, zai san gwajin da zai aika a yi.